Wayar hannu da karatun waje: yaran nan namu suna barin gida kuwa?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina son kawowa zauren nan, kuma na san ba za ta yi wa wasu ƙannenmu da ke waje daɗi ba. A kan waya ce.

Mai tura ɗansa karatu wata ƙasa ba takardar digiri kaɗai yake nema masa ba. Da ita ce kawai, ai ABU da BUK da Danfodiyo sun wadatar. So ake yaro ya zauna da mutanen da ba irinsa ba, ya iya harshensu, ya ga yadda suke tafiyar da asibiti da laburare da kasuwa, ya dawo da abin da babu a gida. Abin da nake gani a 'yan shekarun nan ya saɓa wa haka. Yaro zai yi shekara huɗu ko biyar a Alƙahira, yana zaune a unguwar Hayyul Ashir, gidan 'yan Najeriya, tukunyar 'yan Najeriya. Da an tashi lakca sai ya toshe kunnuwa. Yana guruf ɗin 'yan ajinsu na sakandare, yana guruf ɗin dangi, yana bin rigimar siyasar Kano a Facebook, yana kallon 'yan TikTok har a kira Assalatu. Ya dawo gida ba zai iya cinikin tumatir da Larabcin Masar ba, kuma ba shi da aboki Bamisire ko guda.

Lokacin da na yi nawa karatun a Malesiya, kiran gida sai ka sayi kati, minti kaɗan kuɗin ya ƙare. Kaɗaici ne ya kora mu cikin mutane, kuma a nan muka samu rabin abin da muka je nema. Yanzu waya ta ɗauke kaɗaicin, ta haɗa da ribar ta ɗauke. Ina so in ji ta bakin waɗanda ke can da kuma iyaye: haka abin yake, ko ni ne nake gani ba daidai ba?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Kamar ka san abin da ke raina. Babbar 'yata za ta tafi Masar karatun likita bayan Sallah in sha Allah. Babanta yana cewa a saya mata ƙaramar waya mai madannai kawai, ni kuma na ce ban yarda ba, ta yaya zan kwana ban ga fuskarta ba? Har yau ba mu daidaita ba. Ina saurare.

Ummu Sulaim:
Malam Abu Hanan, da girmanka, amma wanda ya zauna a Khartoum a watan Afrilun 2023 ba zai iya karɓar maganar nan yadda ka kawo ta ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe na azumi, muka tashi da ƙarar bindigogi. Sojojin Burhan da dakarun RSF na Hemedti sun kaure a tsakiyar gari. Ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce ga abin da ke faruwa. A guruf ɗin ɗalibai na WhatsApp muka san komai: wace unguwa ce ake luguden wuta, wane titi ne aka tare, wane shago ne ya buɗe, wane gida ne famfonsu ke kawo ruwa. Wuta ta ɗauke, muka riƙa kashe wayoyi muna barin guda a kunne, idan cajinta ya ƙare a kunna ta gaba. Bankuna a rufe, duk wanda ke da kuɗi a manhajar banki ta Bankak shi ke ciyar da sauran, ita ma ɗin sai an dace da sabis.

Sunayen waɗanda za a kwashe a waya aka tattara su. Sanarwar a taru a Jami'ar Afirka a waya ta zo. Motocin farko sun tashi ranar 26 ga wata, kuma kowa a nan ya tuna bidiyon nan da ya zagaya, na ɗaliban da direbobi suka tsaya da su a tsakiyar sahara suna cewa ba a biya su ba. Da ba don wata ta ɗaga waya ta ɗauka ba, wa zai san suna wurin? Haka da mutane suka maƙale a iyakar Masar kwana da kwanaki ana maganar biza, hotunan da suke turowa ne suka sa gidajen rediyo da jaridu suka hana kowa sakat. Jirgin farko bai sauka Abuja ba sai daren 3 ga Mayu. Ni ta Port Sudan aka fito da mu daga baya. Sama da mutum 2,000 aka kwaso gaba ɗaya.

Mama, don Allah kar a ba ta waya mai madannai. Ba a fatan tashin hankali, amma ɗaliban Yukren ma a Fabrairun 2022 ba su san zai zo ba, kuma su ma da waya suka riƙa sanar da juna wace iyaka ce ke barin baƙar fata ya wuce.

Abu Hanan:
Ƙanwata, Allah Ya ƙara kiyayewa, Ya zaunar da Sudan lafiya. Ban musa ko kalma ɗaya ba. Amma yaƙi mako biyu ko uku ne a rayuwar ɗalibi, karatu kuwa shekara shida. Ni a kan sauran kwanakin nake magana. Ki gaya mini gaskiya, kafin yaƙin, 'yan Sudan nawa kika shiga gidansu?

Ummu Sulaim:
Gidaje da yawa, Malam, saboda a asibiti dole ka ji yaren majinyaci, kuma 'yan Sudan mutane ne masu jan baƙo a jiki. Amma na san waɗanda kake nufi, akwai su. Kuma a lokacin yaƙin su suka fi shan wahala, don ba su da maƙwabcin da zai ɓoye su ko ya nuna musu hanya. Mu matar mai gidanmu ce ta samo mana mai mota. Wannan kam ba guruf ne ya yi mana ba.

Akwai kuma ɓarnar da wayar ta yi a gida. An yi ta tura wa mahaifiyata bidiyon gawarwaki ana cewa Khartoum ne, wasu ma daga wasu ƙasashe aka ɗauko su, tsofaffi. Ranar da intanet ya yanke a Sudan ba ta same ni ba, jininta ya hau har sai da aka kwantar da ita. Masu tura irin wannan su ji tsoron Allah.

Baba Na Sakkwato:
Yarana, ku bar tsoho ya sa baki. Jikana ne ke rubuta mini.

Na yi karatu a Khartoum a shekarun 1980, a Markazul Islami, wadda daga baya a 1992 ta zama Jami'ar Afirka da wannan yarinya ta ambata. Wasiƙa muke rubutawa, ta yi makonni a hanya, wata ma ta ɓace. Idan an samu mai zuwa gida sai mu ɗauki murya a kaset mu ba shi, a tara gida duka a kunna rakoda, su ma su ɗauko nasu su aiko. Labarin Najeriya kuwa sai mun kewaye rediyo guda muna laluben BBC.

Abu Hanan yana da gaskiya a gefe guda. Hutu ba mu da kuɗin jirgi, sai mu bi abokai garuruwansu. Haka na je Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar, garin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Na zauna da tsofaffin da iyayensu suka taho a ƙafa daga ƙasar Hausa, suna tambayata unguwannin Sakkwato da sunansu. Wannan ilimi ne da babu shi a aji.

Amma kar ku yi wa zamaninmu kwalliya. Mahaifina ya rasu, labarin bai iso ni ba sai bayan an yi sadakar arba'in. Ina ta yi masa addu'ar ƙarin lafiya ashe yana kabari. Har yau abin yana ci mini rai. Jikata da ke Turkiyya, da kakarta ta kwanta ciwon ajali, ta waya ta gan ta, suka yafi juna. Duk wanda ya ce wannan ƙaramar ni'ima ce bai ɗanɗana irin nawa ba.

Maman Khalifa:
Allahu Akbar. Allah Ya jiƙan magabata, Baba.

Azhari:
Amin. Ni ina Alƙahira yanzu haka, kuma a Ashir ɗin nake zaune, don haka maganar Malam ta taɓa ni kai tsaye.

Abin da ya faɗa yana faruwa, amma ba waya ce ta kai mu Ashir ba. Haya ce. Wanda bai samu ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, ba dole ya nemi inda zai iya biya, kuma ba kowane mai gida ne ke son ba wa baƙin ɗalibai haya ba. Akwai kuma maganganun da ake jefa wa baƙar fata a titi da cikin mota, da ba na son maimaitawa a nan. Yaron da aka yi wa haka sau biyu sau uku zai koma ɗaki ya rufe ƙofa. A da idan ya rufe ƙofar babu abin da zai tarar sai bango, dole gobe ya sake fita. Yanzu duniya guda ce ke jiransa a ciki. Wayar ba ita ta kore shi daga mutane ba, amma ita ke hana shi komawa.

Inda abin ya fi damuna shi ne karatun kansa. Masallacin Azhar cike yake da darussa, malamai suna karantar da nahawu da fiƙihu da hadisi kyauta. Ga shi mota ɗaya ko biyu za ka hau ka isa Darrasa, inda masallacin yake. Amma sai ka ji ɗalibi ya ce zai kalla a YouTube. To in a YouTube ne, me ya fito da kai daga Zariya? Zama gaban malami, ya ji karatunka, ya gyara maka baƙi, ya san sunanka, ya ba ka ijaza, shi ne abin da ba a samu a gida da sauƙi. A ɗaya gefen kuma ba zan ɓoye ba, manhajar Maktaba Shamila ta sa littattafai dubbai a aljihuna, waɗanda malamanmu na da sai sun sayar da gona kafin su mallaki kaɗan daga ciki.

Na Caina:
Bari in kawo muku misalin da zai gwada maganar Malam. A Caina an toshe WhatsApp da Facebook da YouTube da Google. Sai da VPN, manhajar kewaye toshiyar, ake shiga, shi ma yau ya yi gobe ya ƙi. Rayuwa gaba ɗaya a manhajojin WeChat da Alipay take: kuɗin abinci, tikitin jirgin ƙasa, sanarwar malami, hayar keke. Kenan ɗan Najeriya a can an rage masa hanyar maƙalewa a gida ko yana so ko ba ya so. Shin hakan ya sa kowa ya iya Sinanci? Ko kusa. Manhajar fassara ta zo ta tsaya a tsakani. Ka ɗora kyamara a kan takardar abinci ta karanta maka, ka yi magana ta juya wa direba. Na san masu digiri na uku da suka gama ba za su iya tambayar hanya ba. Waɗanda suka iya, su ne waɗanda aka ce sai sun ci jarrabawar Sinanci ta HSK kafin su shiga aji. Dole ce ke koyar da harshe, kuma fasaha duk inda ta ga dole sai ta kawar da ita.

Sannan ku tuna korona. Daga Maris 2020 Caina ta rufe ƙofa, waɗanda suka zo hutu suka maƙale a gida sama da shekara biyu. Tsakaninmu da su awa 7 ne, lakcar ƙarfe 8 na safe a can ƙarfe 1 na dare ce a Kano. Ga rashin wuta, ga tsadar data. Mun yi karatun injiniya ba mu taɓa na'ura ba. A nan na tabbatar cewa karatun waje ba ya yiwuwa ta allo. Hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, ita ma a 2022 cewa ta yi ba za ta karɓi karatun likitan da aka yi ta intanet daga Yukren ba, kuma ban ga laifinta ba duk da tausayin yaran.

Abu Hanan:
Injiniya ya faɗi abin da na kasa tsarawa. Dole ce ke koyarwa.

Antin Yara:
Malam, duk kun yi ta magana a kan abin da yaro ke yi da waya. Ba wanda ya taɓo abin da mu na gida muke yi wa yaro da ita, kuma a ganina nan ne babbar matsalar.

Ina Ingila, na zo digiri na biyu a fannin jinya. Doka ta ba ɗalibi awa 20 na aiki a mako lokacin karatu. Da yawanmu aikin kula da tsofaffi muke, ka fita cikin sanyi tun duhu, ka dawo ka hau rubutun makaranta. Rana ɗaya za ka sa riga mai kyau ka tsaya gaban wani gini a ɗauke ka hoto, ka ɗora a sitatus don mahaifiyarka ta ji sanyi. Kafin dare saƙo goma ya shigo: kuɗin haya, kuɗin asibiti, gudummawar biki, waya ta lalace. Kowa da kalkuleta yana buga fam da naira. Idan ka ce babu, ka zama mai rowa, an tura ka waje ka manta da dangi.

Alhali lissafin juyawa ya yi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya taho da kuɗin makaranta cikakke a naira ya wayi gari ko rabi bai kai ba. A Mayun 2024 an yi ta labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar, har aka ce wasu su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗi. Mutanen gida ba sa ganin wannan a sitatus, don ba wanda ke ɗora hoton kukansa. Kuma daga Janairun 2024 an hana masu irin karatuna zuwa da iyali, kenan mace za ta bar yaranta tana renonsu ta kiran bidiyo. Ana kai ƙarar yaro gare ta tana tsakiyar aiki.

Ɗalibin da ake kira sau biyar a rana, ana sa shi a rabon faɗan kishiyoyi da shari'ar gado, yaushe zai samu zuciyar da zai yi abota da Bature ko Ba'indiye? Ba shi ya ƙi barin gida ba, gida ne ya ƙi sakinsa.

Ɗan Damagaram:
Anti ta gama magana. Ni ɗan Nijar ne, ina Rabat da tallafin karatu ta hannun hukumar AMCI ta Maroko. Mu ma haka ne, kowa na zaton mai zaman ƙasar Larabawa kuɗi yake haƙa.

Daren 8 ga Satumba 2023 da aka yi girgizar ƙasa wajen Marrakesh, mutum kusan 3,000 suka rasu, mu a Rabat mun ji motsin, mun fito waje, amma ba abin da ya same mu. Kafin in koma ɗaki salulata ta cika da kira. Tsohuwata ba ta san nisan Rabat da Marrakesh ba, ita dai an ce Maroko. Saƙon murya ɗaya na tura ta kwanta. A zamanin Baba da sai ta yi wata tana kuka.

Wani abin kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Faransa ta tsayar da ba da biza a Yamai, abokaina da suka samu gurbi a can duk suka tsaya cak. A guruf-guruf suka samu labarin wasu ƙofofin, wannan ya nemi Turkiyya, wancan Maroko, wani Tunisiya. Ɗan talakan da ba shi da kowa a ma'aikatar ilimi, da wa zai gaya masa?

Darija kuwa, wato Larabcin titin Maroko, a filin ƙwallo na koye ta. Duk sabon zuwa ina ce masa ya nemi abu guda da ake yi da jiki tare da 'yan gari, ƙwallo ko masallacin unguwa ko kasuwa.

Mai Kula da Zaure:
Tunda an zo kan neman gurbi, in ja kunne. Ko a makon nan na goge tallar wani dillali a zauren nan. Za ku ga bidiyo mai kyau a Instagram ko TikTok, gini na gilashi, bakin teku, ana cewa tallafi kashi 75 cikin 100, ga aiki yana jira, a tura kuɗin fom yau kafin a rufe. Yawanci dillalin kamasho yake karɓa a kan kowane kai, wani lokacin ma ɗalibi ne da ya maƙale a can yake jawo wasu don ya samu na abinci. Arewacin Cyprus ta yi ƙaurin suna a wannan: Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, kuma tun 2020 hukumar NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye a kanta. Kun kuma tuna ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024.

Tallafin karatu na Chevening da Commonwealth da DAAD da na gwamnatin Turkiyya duk kyauta ake cika su a shafinsu. Duk wanda ya ce ka biya shi don ya sa sunanka, ɓarawo ne. Kafin a biya ko sisi, a nemi ɗalibin da ke cikin makarantar wanda ba dillalin ne ya haɗa ku ba, ya zagaya da kai ta kiran bidiyo, ya nuna maka aji da ɗakin kwana da asibitin koyarwa. Mai zuwa likitanci kuma ya fara bincikar matsayin makarantar a wurin MDCN.

'Yar Gidan Liman:
Ina ta jira wani ya faɗa, ba a faɗa ba, to bari in faɗa. Abin da namiji ke fuskanta daban, na mace daban.

Ina Indiya. Ajinmu akwai maza da mata, Hindu da Kirista da Musulmi, kuma aikin rukuni dole ne. An gama gabatar da aiki aka yi hoton aji, ina ciki da hijabina har ƙasa. Wani ɗan ƙasarmu ya ɗauke hoton daga shafin wata, ya yanke shi ya bar ni da namijin da ke gefena, ya tura gida. Kafin in sani magana ta kai wurin kawuna, ana cewa a dawo da ni. Mahaifina ne ya tsaya, Allah Ya saka masa. Na san wadda irin wannan ta sa aka fasa aurenta.

Malam Abu Hanan yana so mu shiga cikin mutane. Wallahi muna so. Amma duk inda ka juya akwai waya a hannun wani, kuma akwai shafukan tsegumi da ke jiran hoton 'yar Hausa a waje su yi mata fassara. Shi ya sa da yawanmu daga aji sai ɗaki. Tsoron 'yan garin ba ya kai tsoron namu. Idan ana so 'yan mata su amfana da tafiyar, sai iyaye sun daina yanke hukunci da hoton da ba su san asalinsa ba, kuma samarinmu na can su daina ɗaukar kansu 'yan sandan kowa.

Azhari:
Wannan gaskiya ce, kuma laifin a wuyanmu maza yake. Wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya yi nasiha a ɓoye, haka aka koya mana. Yanke hoto a tura gida ƙazafi ne, ba kishin addini ba.

Baba Na Sakkwato:
'Yata, Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki abin da kika je nema. Ki riƙe mahaifinki da kyau.

Abu Hanan:
Anti da 'Yar Gidan Liman sun nuna mini gefen da ban kawo ba, na gode. Amma ina nan a kan bakana cewa sakamakon ɗaya ne: ana kashe miliyoyi, yaro yana dawowa da takarda ba tare da ƙasar ba. Kuma ga sabuwa ta shigo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ina karɓar rubutun waɗanda suka dawo da digiri na biyu, Turanci tsaf kamar na littafi, amma ka ce ya tashi ya yi bayanin shafi guda sai gumi. A da raunin Turanci shi ke kai ɗalibi ofishin malami da cibiyar koyon rubutu, a nan yake gogewa.

Na Caina:
A nan kam zan ɗan saɓa maka, Malam. Wanda zai yi satar amsa da ma can yana yi, kafin wannan akwai masu rubuta wa mutane aiki a biya su. Ni ƙirƙirarriyar basirar nan ta taimake ni in fahimci takardun bincike da malamina ba shi da lokacin warware mini, kuma Turancinsa da nawa ba sa haɗuwa sosai. A gaban kwamitin kare digiri ba ta shiga da kai. Jami'o'in da suka san abin da suke yi sun ƙara ƙarfi a kan tambayar baki da baki.

Maman Khalifa:
Na karanta wa babanta duka. Ya sauko daga maganar ƙaramar waya. Ni ma maganar Anti ta shige ni, don da niyyata safe da rana da dare in kira. Mun ce za a cire ta daga guruf ɗin dangi, ƙannenta su daina kai mata ƙara, kira kuma sai ranar Juma'a da wata rana guda a mako. Har ina tunanin a ce ta fita daga duk wani guruf gaba ɗaya ta fuskanci karatu.

Antin Yara:
Hajiya, watannin farko kar ki ƙayyade mata, ki bar ta ta kira duk lokacin da ta so. Kewar farko tana da nauyi, wasu har ciwon damuwa take jefa su kuma ba sa faɗa. Ke dai kar ki zama mai kai mata matsalar gida. Idan ta kira, tambaye ta wa ta sani a ajinsu, me ta koya na yaren, ina ta je ranar hutu.

Ummu Sulaim:
Na dangi a cire ta, Mama, amma na ƙungiyar ɗalibai da na ajinsu kar ta fita ko da wasa. A nan ake sanar da sabunta iƙama, canjin jarrabawa, da duk abin da ya taso. Ta yi rajista da ofishin jakadanci da zarar ta sauka. Ta ɗauki hoton fasfo da takardun makaranta ta tura miki, ta kuma ajiye a imel, don da yawanmu mun baro takardunmu a Khartoum kuma hoton ne ya cece mu wajen neman canjin makaranta. Ta sayi fawa banki mai kyau. Lambarki da ta babanta da ta shugaban ɗalibai da ta wata maƙwabciya 'yar ƙasar, ta rubuta su da biro a takarda ta sa cikin fasfo. Ki turo mini sunan garin da za ta ta akwatin sirri, akwai ƙawayena da suka koma Masar bayan yaƙin, zan haɗa su.